Jirgin da Inna Fadimatu Ta Zaɓa

Ƙofar Inna Fadimatu tana kallon tamu, a hawa na biyu na wani dogon bene a unguwar Faisal ta birnin Alƙahira. Lokacin da suka tare ita da mijinta, ni da maigidana Abdulbasit mun daɗe a gidan, shi yana fama da digirinsa na uku, ni ina fama da yara. Da farko na ɗauka Larabawan Sudan ne kamar sauran da yaƙi ya koro, har ranar da na ji ta a kan matakala tana yi wa wata kyanwa faɗa: "Ke, tafi can, marar kunya!" Na tsaya cak da ledar tumatir a hannu. Na ce, "Inna, ina wuni?" Ta saki tsintsiya ta rungume ni kamar ta san ni tun ina goye.

A Mai Wurno aka haife ta, a bakin Shuɗin Nilu. Kakanninta sun taso daga ƙasar Sakkwato da niyyar aikin Hajji, suka yada zango a can, zangon ya zama gari. Hausarta irin ta tsofaffi ce. Akwai kalmomin da rabona da jin su tun rasuwar kakata a Gusau, sai ga su a bakinta, a cakuɗe da Larabcin Sudan. Sana'arta lalle da haɗa turaren wuta, kuma hannunta yana da kyau ƙwarai. Ba ta yi wata uku a Faisal ba amaren Sudan suka fara hawa benenmu suna tambayar ɗakinta.

Duk da a bakin kogi ta girma, ba abin da take tsoro kamar ruwa. Tana ƙarama suna wanki da wata ƙawarta, zane ya kuɓuce, yarinyar ta bi shi da taku kaɗan, ruwa ya tafi da ita a kan idonta. Tun daga nan ko ɗiba za ta yi sai dai ta aiki wani. Sai ga shi da ta isa aure, duk samarin garin ba wanda ya kwanta mata sai Ishaq mai jirgin fito. Ta ce masa ta yarda, amma da sharaɗi ɗaya: kada ya taɓa ce mata ta shiga jirgi. Ya yi dariya ya ce ya ji. Ya kuwa riƙe alkawarin nan shekara arba'in da ɗoriya.

Kowa Rayyis yake ce masa, wato shugaban jirgi, ita ma haka take kiransa. Da jirgin katako da filafili ya fara, daga baya ya samu na inji. Ya haye da albasa da ayaba, da awaki, da amare, da gawa. Ta ce min tun yana tsakiyar kogi take gane ƙarar injinsa a cikin na sauran, sai ta ɗora jabana, gahawar nan tasu mai citta, kafin ya taka ƙofar gida ta tafasa. Sun haifi mata biyu da suka yi aure a can Sudan, sai autansu Mazin, wanda yake gyaran na'urorin sanyaya ɗaki a Dammam, can ƙasa mai tsarki.

Da yaƙi ya matso kusa da su, Rayyis ya ɗaure jirginsa a jikin wata bishiya ya ce kwana kaɗan za su yi. Ba su koma ba. Daga baya ya ji an kwance jirgin an tafi da shi, bai kuma ƙara tayar da maganar ba. A Alƙahira ya rasa yadda zai yi da kansa. Kullum da hantsi sai ya hau mikrobas, ƙaramar bas ɗin haya, ya sauka Giza, ya taka zuwa gadar da ke kan Nilu, ya jingina da ƙarfen yana kallon ruwa har rana ta yi zafi. Wata safiya ya sunkuya zai sa takalmi domin wannan fitar, ya faɗi a nan bakin ƙofa. Abdulbasit da bawwab, mai tsaron gidanmu, su suka sauko da shi.

Ya dawo daga asibiti ɓarin jikinsa na dama a shanye. Abin da ya fi ba kowa mamaki shi ne harshensa. Larabcin da ya yi rayuwarsa a ciki ya tafi ɗungurungum, bai bar masa komai ba sai salati da "khalas", wato shi ke nan. Abin da ya rage 'yan kalmomin Hausa ne na ƙuruciya: ruwa, zo, a'a, ni, gida. Idan tsofaffin abokansa 'yan Sudan suka zo dubiya, yana jin abin da suke faɗa, amma ba ya iya mayar musu, sai ya kawar da kai. Shi ya sa ya fi sakewa da mu. Yarana kan zauna a gabansa suna surutu, yana bin bakinsu da ido.

Inna Fadimatu ce komai nasa. Ita ke yi masa wanka, ita ke aske shi, ita ke juya shi a gado, ta matsa masa hannun da ya mutu da man riɗi duk da likita ya ce ba zai dawo ba. Ta rage karɓar amare. Ban taɓa jin ta yi ƙorafi ba, sai dai wani lokaci idan ta shigo wurina aron wani abu, ta ɗan zauna a kujerar kicin, sannan ta ce, "Yalla, bari in koma, kada ya neme ni."

Mazin ya nemi bizar shigowa Masar bai samu ba. Kullum yana kiran bidiyo, yana ganin mahaifinsa yana ƙara ramewa a kan keken marasa lafiya, fuska a bango. Shi ne ya zo da shawarar a saya wa mahaifinsa jirgin ruwa. Yana da wani aboki Bamasare da suka yi aiki tare, wanda ya yarda a yi takardun da sunansa, ya kuma haɗa shi da wani mai ƙera ƙananan jiragen shaƙatawa a kudancin unguwar Ma'adi, a bakin Nilu, ana ce masa Usta Sha'aban.

"Yumma," in ji Mazin ga mahaifiyarsa a waya, ina zaune a wurin, "ba magani ne ya rage wa Baba ba, kogi ne. Usta yana da guda biyu a shirye. Ku je ku duba ku zaɓi ɗaya. A can za a riƙa ajiye shi, duk Juma'a a fita da shi ya sha iska."

"Ni me na sani game da jirgi, ya waladi, ɗana?"

"Baba ya sani. Ke dai ki raka shi."

Ta juya ta dubi Rayyis. A karon farko tun dawowarsa daga asibiti, ya ɗago kai daga bango yana kallon wayar.

Wata Asabar muka tafi, ni da ita da Rayyis da Abdulbasit, a cikin tasi, keken a ɗaure a bisa. Wurin Usta Sha'aban wata rumfar kwano ce a bayan gidajen sayar da shuke-shuke, da 'yar gadar katako da ta shiga cikin ruwa. Usta gajere ne mai furfura, hannayensa duk tabon walda. Da ya ji abin da Rayyis yake yi a da, ya sunkuya ya sumbace shi a ka.

Jiragen biyu suna ɗaure gefe da gefe. A idona ba su da wani bambanci. Duka na alminiyam ne, farare suna ƙyalli, tsawonsu ɗaya, inji iri ɗaya a maƙale a bayan kowanne, har rumfar tamfol ɗin da ke kansu shuɗiya ce iri ɗaya. Na ce wa Inna a hankali, "To ai sai a rufe ido a nuna ɗaya."

Usta ya fara bayani, Inna tana juya min abin da ya wuce ni. Na farkon cikinsa shimfiɗaɗɗe ne kamar faranti, ya ɗan fi faɗi. Ko mutum ya taka gefensa ba ya karkata sosai, kuma akwai fili a tsakiya da keke zai zauna daram a ɗaure shi. Ana tuƙa shi da sitiyari kamar mota, totur ɗinsa yana ta hannun dama. Aibinsa, idan babban jirgi ya wuce ya tayar da ruwa, yana dukan ruwan da ciki, bam-bam, ana ji har a baya. Na biyun ƙasansa a tsuke yake kamar ƙirjin kaza, yana yanka ruwa salin-alin, ya fi gudu, amma yana rawa wajen shiga da fita, kuma benci ne a gicciye a cikinsa, ba wurin keke. Shi ba shi da sitiyari. Matuƙi yana zama ne a benci na ƙarshe ya riƙe hannun injin, ya tura shi dama ko hagu, ya murɗa kansa idan yana son ƙarin wuta.

"Ƙarfe ɗaya ne, ya Hagga," in ji Usta, haka suke cewa Hajiya, "hannu ɗaya ya ƙera su. Ba wanda zan ce ya fi wani. Ya danganta da wanda zai shiga."

Rayyis bai ko kalli na farkon ba. Da hannun hagu ya ja rigar Abdulbasit, ya nuna na biyu. Suka tura keken har bakin gadar, daidai bayan jirgin. Usta ya ɗago hannun injin ya juyo da shi wajensa. Rayyis ya miƙa hannu ya kama. Na ga yatsunsa sun zauna a kai kamar jiya ya sake shi. Ya murɗa, ya saki, ya tura, ya jawo. Injin a kashe yake, amma kafaɗarsa ta miƙe, har bakin nan da ya karkace ya ɗan motsa.

"Ni," in ji shi. Ya sake cewa, da ƙarfi, "Ni!"

Usta ya yi dariya ya tafa. "Ai dama da hagu ake riƙe shi, ya Rayyis!"

A daidai lokacin wani jirgin yawon buɗe ido ya wuce can tsakiya, igiyar ruwansa ta iso. Jirgin na biyu ya karkata ya bugi gadar, hannun injin ya fizge, Rayyis ya tafi gaba kamar zai zame daga keken, Abdulbasit ya tare shi da ƙirji. Ba abin da ya same shi. Shi dariya ma yake ƙoƙarin yi. Amma na dubi Inna Fadimatu, na ga ta dafe ginshiƙin rumfar da hannu biyu.

Da la'asar ta shigo wurina, ta zauna a kujerar kicin.

"Fauziyya, ya bitti, 'yata, kin ga abin da na gani?"

"Na gani, Inna. Amma kin ga yadda fuskarsa ta yi?"

"Na gani. Mutumin da nake gane tarinsa a cikin taro, zan kasa gane abin da yake so? So yake ya tuƙa. To a ɗauke shi daga keke a ɗora a benci marar majingina, da rabin jiki, a tsakiyar wannan ruwa? Likita ya ce ko a banɗaki ya faɗi, khalas. In ya tuntsura wa zai bi shi? Ni?"

Ta goge ido da bakin mayafinta.

"Gara ya yi fushi da ni yana raye, na yarda."

A gabana ta kira Mazin ta ce mai faɗin za a ɗauka. Ya tambaye ta ko shi Baba ya zaɓa. Ta ce, "Shi na zaɓa masa." Mazin ya ce tamam, shi ke nan, ita ke tare da shi, ta fi shi sanin halin da ake ciki. Ba ta gaya wa Rayyis ba. Ta ce idan ya ga kansa a kan ruwa zai manta da wanne ne wanne.

Takardu suka ɗauki lokaci, har zafi ya fara sauka. Duk tsawon wannan jira Rayyis ya canja. Yana cin abinci, yana yarda a yi masa motsa jiki, har ya koyi wata kalma daga bakin yarana, "gobe", yana faɗinta duk wanda ya shigo. Ita kuwa Inna kullum ƙara shiru take yi.

Ranar fitar, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ta sa masa farar jallabiya da rawani, ta fesa masa turare. Muka isa wurin Usta. Jirgin na biyu ba ya nan, an sayar wa wani. Mai faɗin ne kaɗai a bakin gadar, an shimfiɗa masa katako don keke ya gangara. Rayyis ya dubi jirgin, ya dubi gurbin ɗayan, ya ɗaga kai ya dubi matarsa. Ta sunkuyar da kai tana gyara masa rawanin da ba abin da ya same shi.

"A'a," in ji shi.

"Ma'alish, yi haƙuri, Rayyis. Wannan ya fi zama. Ka gwada dai."

"A'a."

Amma an riga an fara tura keken. Aka gangara da shi tsakiyar jirgin, aka ɗaure ƙafafun keken da igiya ta kowane gefe, aka sa masa rigar hana nutsewa mai ruwan lemo a kan farar jallabiyar, aka ja maɗaurinta. Usta ya zauna a sitiyari. Sai Inna Fadimatu ta yi abin da ba wanda ya zata. Ta tattare zanenta, ta yi bismilla, ta kama hannuna, ta taka cikin jirgin. Ta zauna a ƙasa kusa da keken, ta riƙe ƙarfensa, ta rufe ido. Wannan ne shigarta jirgi na farko a duniya, kuma don shi ta yi. Bai ko juyo ba.

Muka yi kudu, inda gine-gine suke raguwa, ana ganin gonaki da dabino a ɗaya gaɓar. Iska tana da daɗi. Masunta a ƙananan jiragensu suna ɗaga mana hannu. Abdulbasit ya kira Mazin a bidiyo yana nuna masa ko'ina, Mazin yana ta ihu, "Yaba! Ga bahar, ga kogi! Yaba, ka gani?" Rayyis yana zaune a tsakiya kamar buhun da aka ɗauko za a haye da shi. Idonsa ba ya kan ruwa, yana kan hannun Usta. Da Usta ya lura, ya tsayar da jirgin, ya ce a matso da shi ya riƙe sitiyarin. Aka kwance igiya aka matsar. Ya kama da hagu, amma totur yana can dama, sai Usta ne ke tura masa, yana kuma ɗan taɓa sitiyarin ta ƙasa yana gyarawa, kamar yadda ake yi wa yaro. Rayyis ya gane. Ya saki, ya mayar da hannun cinyarsa.

"Gida," in ji shi.

Hawaye yana bin ɓarin fuskarsa mai rai, yana shiga gemunsa. Abdulbasit ya kashe wayar.

Daga ranar bai sake yarda an kai shi ba. Idan Juma'a ta zo aka ambaci jirgi, sai ya rufe ido. Abin da ya fi wannan ciwo, ya daina karɓar abinci daga hannunta. Idan ta kawo cokali sai ya datse baki, idan ni ce ko 'yata babba sai ya buɗe. Tana yi masa wanka yana kallon silin. Jabanar da take dafa masa kullum tana hucewa a gefensa. Ban taɓa ganin mutum ya yi wa wani magana mai zafi kamar yadda wannan bawan Allah da ba shi da harshe ya yi wa matarsa da shiru ba. Ita kuma ba ta fasa komai ba. Takan tsaya a bayan ƙofa, inda ba zai gan ta ba, tana ƙirga lomar da nake ba shi da ido.

Haka aka tafi har sanyi ya shigo. Wata rana da hantsi ta ƙwanƙwasa min, sanye da tob ɗinta na fita, lafayar nan ta matan Sudan.

"Ki raka ni Ma'adi. Na bar shi da maigidanki."

A cikin metro, jirgin ƙasan cikin gari, ta gaya min abin da ya faru. Ta nemi muciyarta ta rasa, sai ta leƙa baranda ta same ta a hannunsa. Ya soke ta a gefen keken, yana riƙe da kanta da hagu, yana turawa yana jawowa, yana kallon bangon gidan da ke gabanmu.

"Na tsare shi daga ruwa," in ji ta, "ga shi yana nutsewa a baranda."

Ta tambayi Usta Sha'aban ko ana iya cire sitiyarin a mayar da jirgin na hannu. Ya ce me zai hana. Za a sa wa injin hannu, a ƙera kujera mai majingina da maɗauri a can baya, ta yadda ko jirgin ya girgiza ba inda zai je. Sai dai hannun irin wannan injin ba ya da shi a ƙasa, sai an aiko daga Iskandariyya.

"Da kin faɗa tun farko, ya Hagga, ai da tuni an yi."

"Tun farko ba na so ya tuƙa," ta ce masa. "Yanzu ina so."

Da muka dawo ta durƙusa a gaban keken, ta yi masa bayani dalla-dalla da Hausa, tana kwatanta kujerar da hannu. Ya daɗe yana kallonta. Amma da ta kawo jabana da yamma, ya buɗe baki ya kurɓa daga hannunta. Ta fito ta same ni a matakala, ta zauna a kan dandamali ta yi kukan da ban taɓa ganin ta yi ba, tana toshe baki da mayafi don kada ya ji.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi sauƙi. Ba zan ce ya koma kamar da ba. Akwai wani abu da ya rage a idonsa idan ya dube ta, ita ma ta san da shi. Amma yana ci, kuma duk wayar da ta yi ƙara sai ya ɗago kai. Kayan suka yi jinkiri. Usta ya ce mako mai zuwa, mako mai zuwan ya zo ya ce an aiko wanda bai dace ba, an mayar. Sanyin shekarar ya yi tsanani, irin mai shiga ƙashi a gidajen Faisal da rana ba ta leƙa su. Rayyis ya kamu da tari, tarin ya sauka ƙirji. Aka kwantar da shi a asibiti. Wata Talata da azahar, tana shafa masa ruwa a leɓe, ya cika.

Mazin bai samu shigowa ba. Ta waya ya bi jana'izar, Abdulbasit yana riƙe da ita a sama, har aka kai shi wata maƙabarta can bayan gari a cikin hamada, inda ko ciyawa babu. Muna zaman makoki, gidan cike da matan Sudan, wayarta ta yi ƙara. Ta miƙo min. Usta Sha'aban ne, da murnarsa, yana cewa a gaya wa Rayyis an gama gyaran jirgin, ya gwada da kansa, yana tafiya kamar doki. Na fita matakala na gaya masa. Sai na ji yana salati da muryar kuka. Washegari ya zo ta'aziyya da kansa, ya zauna a cikin maza.

Bayan ta fita takaba Mazin ya tambaye ta yadda za a yi da jirgin. Ta ce ya yi duk abin da ya ga dama, ita dai kada a nuna mata. Ya ce laifinsa ne, shi ya kawo maganar tun farko, da ya bar su yadda suke. Ta ce masa kul, kada ta sake jin haka a bakinsa, shi alheri ya nufa. Aka bar wa Usta ya nemi mai so. Na ji wasu 'yan'uwa biyu masu son kamun kifi ne suka ɗauka. Ba ta tambaya ba, ni ma ban gaya mata ba.

Matan da ke zuwa wurinta sun sha ce mata ta yi daidai, kowace mace mai hankali abin da za ta zaɓa ke nan. Takan ce, "Wataƙila." Ba ta taɓa ce min ta yi kuskure ba, ba ta kuma taɓa ce min ta yi daidai ba. Sau ɗaya dai, muna tsince shinkafa, ta ce, "Watannin nan da ya yi ba ya kallona, su nake nema a mayar min." Ta ci gaba da tsintarta.

Yanzu ta koma karɓar amare, ko da yake idonta ya rage, zanen ƙanana sai ta sa tabarau. 'Yan Sudan da yawa a unguwarmu sun fara komawa gida. Mawada, 'yar ƙanwarta da ke unguwar Ainu Shams, ta zo har sau biyu tana lallashinta su tafi tare, 'ya'yanta mata ma suna ta kira. Mazin kuma yana so ya ɗauke ta zuwa Dammam. Duk ta ce a'a. Ta ce ba za ta bar shi shi kaɗai a cikin yashin mutane ba, wa zai riƙa zuwa yana yayyafa wa kabarin ruwa? Duk farkon wata Abdulbasit yana raka ta, su hau mota biyu kafin su isa, ta zauna ta yi addu'a, ta ba shi labarin unguwa da Hausa.

An sa wa Abdulbasit ranar kare kundinsa. Idan Allah ya sa an dace, kafin azumi za mu tattara mu koma Gusau. Na yi ta juya yadda zan gaya mata, har ta riga ni. Ta ga ana hawa da katan-katan ɗakinmu, ta shigo ta tsaya a ƙofar kicin.

"Tafiya ta zo ke nan, ya bitti?"

"Ta kusa, Inna."

Ta gyaɗa kai. Ta dubi yaran suna rigima a kan tabarma.

"To, kafin nan ki kawo min babbar, in koya mata haɗa turare. Hannunta yana da nutsuwa."

Ta ce in aiko ta bayan la'asar, ta ja ƙofar ta fita.